Laftof Ta Yi Gum: Yadda Ake Bin Sawun Sauti a Linux

Wata ranar Asabar da hantsi 'yar yayata ta shigo gidana rungume da laftof ɗinta, ko zama ba ta yi ba bayan gaisuwa ta ce, "Kawu, kwamfutar nan fa ta daina magana." Laftof ɗin ta gwanjo ce, irin waɗanda ofisoshin Turai ke gama aiki da su a shigo mana da su. Ni na sa mata Linux Mint a ciki, bayan kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa na'urar ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Kwana uku ke nan tana buɗe karatun da malaminsu ya turo, tana ganin bakinsa yana motsi, ba ta jin komai. Har ta kai wa wani mai gyara, ya duba sama-sama ya ce sai dai a yi mata fomatin a mayar da Windows, wai Linux ba ya jituwa da sifika. Kuɗin da ya yanka mata ne kawai ya hana ta yarda.

Abin bai ɗauki minti biyar ba. Ranar Laraba ta jona laftof ɗin da majigi a aji, ta tura sautin ta wayar HDMI, da ta zare wayar sai saitin ya tsaya a can. Sifika lafiyarta lau, Linux ma lafiya lau. Da an yi fomatin ɗin, da aikin makarantarta na zango guda ya bi ruwa saboda zaɓi ɗaya tak da ke ɓoye a wani shafi.

Idan famfon gidanka ya ƙi kawo ruwa, ba ka fara da kiran masu haƙa sabon bohol. Kan famfon za ka fara murɗawa, ka leƙa makunnin da ke bango, ka hau ka duba tanki, sai daga baya ka tuhumi injin. Sauti ma hanya yake bi, kuma hanyar tana da zango-zango. Aikin mai gyara shi ne ya gano a wane zango ya tsaya, ya fara da wanda dubawarsa ta fi sauƙi, kuma kada ya taɓa abu biyu a lokaci guda.

Zango na farko manhajar da ke kunna sautin ce, Firefox ko VLC ko Zoom. Ita ba ta magana da sifika kai tsaye, tana miƙa sautin ga wata manhaja mai rabawa, wadda ke haɗa sautuka daban-daban ta yanke shawarar inda kowanne zai fita. Shekaru da dama PulseAudio ce ke wannan aiki. Lennart Poettering ya fara rubuta ta a 2004, Ubuntu kuma ta ɗauke ta a 2008. Yanzu PipeWire ta Wim Taymans ta karɓi ragamar: Fedora 34 ta fara sa ta a 2021, Ubuntu ta biyo baya daga 22.10, Linux Mint kuma daga 22 da ya fito a 2024. Daga mai rabawa sautin yana gangarawa zuwa ALSA, wato tarin direbobin sauti da ke cikin kanel ɗin Linux, wanda Jaroslav Kysela ya faro a 1998. ALSA ne ke magana da aisin sauti da ke manne a bod. Daga aisin sai amfilifaya, sai sifika ko ramin iyafis. Zango biyar ko shida ke nan, kuma kowanne yana iya yin shiru shi kaɗai alhali sauran suna aiki.

Abin da ido da kunne ke iya gani

Fara da madannin kashe murya da ke layin sama na allon madannai. A laftof da yawa akwai ɗan haske ruwan lemo a jikinsa, idan yana ci to a kashe muryar take. Duba kuma ko shafin intanet ɗin da kake kallo shi kaɗai aka toshe, domin Firefox da Chrome suna barin mutum ya toshe shafi guda. Gwada wani fayil na sauti da ke cikin kwamfutar da wata manhaja dabam. Sannan kashe Bluetooth gaba ɗaya. Na sha ganin laftof tana zuba karatu cikin wata sifikar Bluetooth da ke ɗakin wani, ko cikin iyafis da ke kwance a jaka, mai ita yana nan yana rantsuwa cewa ta lalace.

Daga nan sai gwajin da na fi ba muhimmanci: nemo iyafis mai waya wanda ka tabbatar yana aiki a wayar hannu, ka soka shi. Idan ka ji sauti a kunne amma sifika shiru, ka huta da zargin manhajoji, domin sautin ya riga ya wuce su lafiya. Matsalar tana tsakanin aisin da sifikar. Idan duka biyun shiru, matsalar tana can sama, kuma yawanci saiti ne. Wannan gwaji na daƙiƙa goma yana raba maka aikin gida biyu.

Ramin iyafis ɗin kansa ya cancanci a tsaya a kansa, musamman a ƙasarmu. A cikin wannan rami mai faɗin milimita 3.5 akwai wani ɗan siririn ƙarfe da ke motsawa idan an soka wani abu, shi ne ke shaida wa kwamfuta cewa an sa iyafis, ita kuma ta kashe sifika. Ƙurar hunturu da zaren aljihun jaka suna taruwa a ciki su danne shi, wani lokaci ma kan tsohon iyafis ne ke karyewa ya maƙale. Sai kwamfutar ta zauna a kan cewa akwai iyafis a jikinta har abada. Kashe na'urar, haska ramin da tocilan ɗin waya, ka hura shi da robar hura iska irin ta masu gyaran waya, ko ka sa busasshen tsinken sakace a hankali ka ciro dattin. Kada ka sa allura, kada ka ɗiga mai ko ruwa. Bayan haka soka iyafis ka zare sau biyar ko shida, sau da yawa ɗan ƙarfen yakan saki.

Ina mai rabawa ke tura sautin?

Shafin saitin sauti da ke zuwa da Ubuntu ko Mint yana ɓoye abubuwa da yawa don kada ya rikita mutane. Ni na fi son wata ƙaramar manhaja mai suna pavucontrol, wadda ke aiki da PulseAudio da PipeWire duka. Buɗe Terminal ta hanyar danna Ctrl da Alt da T tare, ka rubuta:

sudo apt install pavucontrol

Zai nemi kalmar sirrinka. Yayin da kake buga ta mai yiwuwa ba za ka ga komai a allo ba, ko tauraro, haka abin yake a wasu tsare-tsaren. Buga ta ka danna Enter. Manhajar ba ta da nauyi, ba za ta cinye maka data ba.

Kunna wani sauti ka bar shi yana tafiya, sannan ka buɗe pavucontrol. A shafin Playback za ka ga sunan manhajar da ke kunna sautin, da wani layi a ƙarƙashinsa yana rawa. Idan layin yana rawa, sauti ya iso wurin mai rabawa. Kowace manhaja tana da nata ma'aunin ƙara a nan, kuma kwamfuta tana tuna shi, don haka mai yiwuwa tun watan jiya aka sauke na Firefox zuwa sifili aka manta. A shafin Output Devices duba wace na'ura ce aka zaɓa, kuma me aka rubuta a gaban Port. Idan ka ga an ce Headphones kuma plugged in alhali babu komai a ramin, to maganar ƙurar nan ce ta tabbata.

Shafin ƙarshe, Configuration, shi ne inda matsalar 'yar yayata ta kwanta. A nan ake zaɓar yanayin da katin sauti zai yi aiki. Idan ka tarar da shi a kan Off, ko a kan wani zaɓi mai ɗauke da HDMI, mayar da shi kan Analog Stereo Duplex, wanda ke nufin sifika da makirufo duka. A sababbin laftof sunan yakan zama Play HiFi quality Music. Da na canza mata shi, muryar malamin ta cika falon nan take.

Wani gargaɗi a gefe: pavucontrol yana barin ka ja ƙara har kashi 153 cikin ɗari. Kada ka saba da wuce ɗari. Sifikar laftof ba ta fi kwabo girma ba, kuma yawancin na gwanjo da ke karkarwa irin wannan tilastawa ce ta fasa su.

Idan komai ya yi daidai a ido amma shiru, mai yiwuwa mai rabawar ce ta sarƙe. Rubuta pactl info ka dubi layin Server Name. Idan sunan PipeWire ya fito a ciki, sake tayar da ita da wannan:

systemctl --user restart pipewire pipewire-pulse wireplumber

Idan PulseAudio ce zalla, pulseaudio -k ya wadatar, za ta tashi da kanta. Ba a sa sudo a gaban waɗannan biyun, domin mai rabawa ta mai amfani ce, ba ta shugaban na'ura ba. Idan hakan bai yi ba, sa ta manta da tsofaffin saitukanta. Ga masu PipeWire:

mv ~/.local/state/wireplumber ~/.local/state/wireplumber.tsoho

Ga masu PulseAudio kuwa, foldar da za a canza wa suna ita ce ~/.config/pulse. Ka lura suna na ce a canza, ban ce a goge ba, saboda in abin bai yi amfani ba ka iya mayar da ita yadda take. Sai ka sake kunna kwamfutar.

Makunnan da ke ƙarƙashin ƙasa

Aisin sauti yana da nasa makunnai waɗanda mai rabawa ba ta nuna su duka. Ana ganinsu da alsamixer. Rubuta sunan a Terminal, wani allo mai dogayen sanduna zai buɗe. Sau da yawa sanda ɗaya kawai za ka fara gani, mutane da dama a nan suke juyawa su ce babu komai. Danna F6, zaɓi katinka na ainihi daga jerin, yawanci mai suna HDA Intel PCH ko sof-hda-dsp ko HD-Audio Generic. Yanzu sanduna za su jeru: Master, Headphone, Speaker, PCM da sauransu.

Dubi ƙasan kowace sanda. Idan ka ga MM, a toshe take. Idan OO ne, a buɗe take. Yi tafiya da kibiyar dama da hagu zuwa kan wadda ke toshe, danna harafin M, sannan ka ɗaga ta da kibiyar sama. Ci gaba da tafiya dama har ƙarshe, domin wasu sandunan suna ɓuya a bayan gefen allo. A can za ka iya samun Auto-Mute Mode, wato makunnin da ke kashe sifika idan an soka iyafis. Idan raminka ya lalace ya ƙi gyaruwa, mayar da wannan Disabled da kibiyar ƙasa, sannan a pavucontrol ka zaɓi Speakers da hannu. Ba gyaran ramin ka yi ba, amma ka zagaye shi. Fita da Esc, ka adana abin da ka canza:

sudo alsactl store

Don gwaji mai tsabta wanda babu ruwansa da intanet ko wani fayil, akwai wannan:

speaker-test -c 2 -t wav

Wata murya za ta riƙa ambaton hagu da dama da Turanci, tana fita ta sifika ɗaya bayan ɗaya. Ctrl da C ke tsayar da ita. Idan ɓangare guda kawai ka ji, ɗaya sifikar ce ta mutu ko wayarta ta zare.

Idan kwamfuta ta ce Dummy Output

Wannan ita ce kalmar da ta fi tayar wa mutane hankali. Ka buɗe saitin sauti, babu sifika, babu iyafis, sai Dummy Output kawai. Ma'anarta mai rabawa ta leƙa ƙasa ba ta ga katin sauti ko ɗaya ba, sai ta ƙirƙiri na bogi don manhajoji su samu inda za su zuba sautinsu. Duk jan sanda da za ka yi a wannan hali aikin banza ne. Tambayi ALSA kai tsaye:

aplay -l

Harafin ƙarshe ƙaramin L ne, ba lamba ɗaya ba. Idan ya jero maka kati, to direba yana nan, wani abu ne ya riƙe katin ya hana mai rabawa. Umarnin sudo fuser -v /dev/snd/* zai nuna maka wanda ya riƙe. Wata tsohuwar manhajar kiɗa mai suna timidity ta yi ƙaurin suna wajen wannan, takan shigo a bayan wasu manhajoji ba tare da ka sani ba, kuma cire ta yakan warware matsalar.

Idan kuwa ya ce no soundcards found, direban ne bai tashi ba. A nan sai a karanta bayanin da kanel ya rubuta lokacin da kwamfutar ke tashi:

sudo dmesg | grep -iE "snd|sof|hda"

Layukan za su yi maka yawa, kada su firgita ka. Kalmomi uku kake nema: failed, error, da firmware.

Ga abin da ke faruwa a ƙasa. Tun 2004 da Intel ya fito da tsarin High Definition Audio, kusan kowace laftof hanya ɗaya take bi, direba guda mai suna snd-hda-intel yana ɗauke da su, aisin Realtek ne ko Conexant ko IDT. Shi ya sa tsofaffin ThinkPad da Latitude da EliteBook da suka cika kasuwannin Kano ba su cika ba da wahala ba: an daɗe da sanin halinsu. Amma daga wajen 2019 laftof masu Intel suka fara zuwa da makirufo na dijital da ke bi ta wani ɗan injin sarrafa sauti na musamman. Wannan inji ba ya motsi sai an ɗura masa tasa ƙaramar manhaja duk lokacin da aka kunna kwamfuta, sunanta Sound Open Firmware, a taƙaice SOF. Idan fayilolinta ba sa cikin na'urar, direba zai nema ya rasa, ya haƙura, kai kuma ka ga Dummy Output. Maganin a Ubuntu da Mint da Debian:

sudo apt install firmware-sof-signed alsa-ucm-conf

A Fedora sunan kunshin alsa-sof-firmware, a Arch kuma sof-firmware. Bayan sakawa sai a sake kunna kwamfuta.

Akwai wata dabara da ta yaɗu ƙwarai, wadda ya kamata ka san farashinta kafin ka taɓa ta. Ana iya tilasta wa kanel ya yi watsi da SOF ya koma tsohon direba, ta hanyar ƙirƙirar fayil a cikin /etc/modprobe.d, a ce mai suna sauti.conf, a rubuta wannan layi a ciki:

options snd-intel-dspcfg dsp_driver=1

Sau da yawa sifika takan dawo. Amma makirufon cikin laftof ɗin yakan ɓace, tunda shi ta SOF kaɗai yake bi. Ɗalibin da ke shiga aji ta Zoom zai ji malam, malam ba zai ji shi ba; garin neman gira an rasa ido. Ni ba na amfani da ita sai in komai ya ƙi, kuma ina rubuta wa mai na'urar sunan fayil ɗin a takarda don ya san abin da zai goge ran da sabon kanel ya gyara matsalar.

Wannan rubutawa ba ƙaramin abu ba ne. Laftof mafi wahalar gyara da ake kawo mini ba wadda ta lalace ba ce, wadda mai ita ya kwana yana kwafo umarni daga intanet ce, goma ko ashirin, wasu na Ubuntu ta shekara goma da suka wuce, wasu na wata na'ura dabam. Wani ma ya cire PipeWire ya tilasta PulseAudio, ya bar rabin wannan da rabin waccan suna rigima a kan kati ɗaya. Ciwon farko ƙila MM ne guda a alsamixer, amma yanzu ya zama biyar. Canza abu ɗaya, gwada, in bai yi ba mayar da shi yadda yake kafin ka matsa gaba. Kuma duk umarnin da ya ƙunshi remove ko purge, karanta jerin abubuwan da zai cire kafin ka amsa masa, domin wani lokaci yakan haɗa da fuskar kwamfutar gaba ɗaya.

"Jiya fa tana yi"

Idan mai na'ura ya faɗi haka, tambayar da ke biye ita ce me ya faru tsakanin jiya da yau. Amsa biyu suka fi yawa.

Ta farko sabuntawa ce. Sabon kanel yakan gyara na'urori ɗari ya ɓata guda. Linux ba ya goge tsohon nan take, don haka kana iya komawa. Lokacin da kwamfuta ke tashi, riƙe Shift, ko ka riƙa taɓa Esc a sababbin na'urori, har jerin GRUB ya bayyana. Shiga Advanced options, zaɓi kanel mai ƙaramar lamba wanda ba a rubuta recovery a gabansa ba. Idan sauti ya dawo, ka kama mai laifi. Zauna a kan tsohon har wata sabuntawar ta zo. Umarnin uname -r yana gaya maka wanda kake kai.

Ta biyu ta shafi masu Windows da Linux a na'ura ɗaya. Tun daga Windows 8 akwai wani tsari mai suna Fast Startup, wanda ke sa Windows ya yi kwanciyar rabi maimakon ya mutu gaba ɗaya. Yakan bar aisin sauti a wani hali da Linux ba ya iya farkar da shi. Shiga Windows, riƙe Shift yayin da kake danna Shut down, jira kamar rabin minti, sannan ka kunna ka shiga Linux kai tsaye. Idan hakan ya yi magani, je Power Options a Control Panel ka kashe Fast Startup ɗin ɗungurungum. Ko babu Windows, kashe na'ura gaba ɗaya da zare caja na ɗan lokaci ya fi sake kunnawa tasiri a kan aisin da ya sarƙe.

Wadda kuwa tun ranar da aka saye ta ba ta taɓa magana ba, leƙa BIOS. Wasu ofisoshi sukan kashe sauti ko sifikar ciki daga can don ma'aikata kada su dami juna, kuma na'urar takan iso kasuwa a haka. F2 ke shigar da kai a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Nemi inda aka rubuta Audio ko Internal Speaker ka tabbatar a kunne yake.

Iyafis na yi, sifika ta ƙi, kuma ramin lafiya

Nan ne wuri mafi wuya, kuma abin mamaki sababbin laftof masu tsada ya fi kamawa. Da yawa daga cikinsu suna da wata ƙaramar amfilifaya ta musamman tsakanin aisin da sifika, irin su CS35L41 ta Cirrus Logic ko TAS2781 ta Texas Instruments. Ita ma tana da nata direba da tata ƙaramar manhaja, kuma sau da yawa sai masu kula da kanel sun shigar da lambar wannan samfurin laftof ɗin da hannu kafin ta yi aiki. Babu sandar da za ka ja ta tashe ta. Abin da ke magani shi ne sabon kanel da sabon kunshin linux-firmware. A Mint, buɗe Update Manager, shiga View, sannan Linux Kernels, ka zaɓi mafi sabo da ake tallafawa. Wanda ya sayi laftof ta bana ya sa mata Linux na shekara uku da suka wuce, shi ya jawo wa kansa; ya gwada fitowa ta baya-bayan nan ta Ubuntu ko Fedora.

A tsofaffin na'urori kuma, wani lokaci BIOS ne ke ba Linux bayanin da ba daidai ba game da wace ƙafar aisin ce ke zuwa sifika. Don ka san aisinka:

grep Codec /proc/asound/card*/codec*

Zai ba ka suna kamar Realtek ALC269 ko ALC256. Akwai manhaja mai suna hdajackretask a cikin kunshin alsa-tools-gui da ke barin ka gaya wa direba da kanka cewa ƙafa kaza ita ce Internal speaker. Gwada da Apply now tukuna, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, da ƙara a ƙasa. Sai ka ji sauti sannan ka danna Install boot override don ya zauna. Aikin haƙuri ne, kuma ba na ba wanda bai bi duk matakan baya ba shawarar ya fara shi.

Manhaja ce ko ƙarfe?

Filashin da aka sa maka Linux da shi kada ka goge shi, domin shi ne alƙalin ƙarshe. Tayar da kwamfutar daga kansa, zaɓi gwadawa ba sakawa ba, ka kunna speaker-test. Wannan tsarin sabo ne fil, babu saitinka ko ɗaya a ciki. Idan sauti ya fito, kayan cikin na'urar lafiya suke, abin da ya lalace yana cikin tsarin da ke kan faifanka, kuma yana gyaruwa ba tare da fomatin ba. Kana iya ƙirƙirar sabon mai amfani ka shiga da shi don ka gane ko saitinka ne kai kaɗai ko na na'urar duka. Idan filashi mai sabon Linux ya yi shiru, Windows ma ya yi shiru, to lokacin zuwa wurin mai gyara ya yi. Ka je masa da bayani a hannu: iyafis na yi ko ba ya yi, ɓangare ɗaya ne ko biyu, an gwada da filashi. Sau da yawa siririyar wayar sifika ce ta zare daga bod lokacin da aka buɗe na'urar don canza batir ko goge fanka, mayar da ita kuwa aikin minti goma ne. Sifikar kanta ma ana cirowa daga matacciyar laftof irin taka a dasa.

Idan aisin ne ya ƙone, kada ka yarda a ce sai an canza bod gaba ɗaya saboda sauti. Akwai ɗan katin sauti na USB, bai fi babban yatsa ba, mai rami biyu ko ɗaya, ana samunsa wurin masu sayar da kayan waya da kwamfuta. Linux yana gane irinsa da zarar an soka, ba sai an saka direba ba. Sai ka buɗe pavucontrol, a shafin Output Devices ka zaɓe shi, ka jona masa iyafis ko ƙaramar sifika.

In kuma za ka nemi taimakon wanda ya fi ka sani, kada ka tsaya a kan "sauti ba ya yi". Gaya masa samfurin laftof ɗin kamar yadda aka rubuta a ƙarƙashinta, da sunan Linux ɗin da lambarsa, da abin da uname -r da aplay -l suka nuna. Akwai kuma umarnin alsa-info, a wasu tsare-tsaren alsa-info.sh, wanda ke tattara duk bayanan sautin na'urar a fayil ɗaya. Zai tambaye ka ko ya tura bayanin intanet. Kana iya ƙi, ya ajiye maka shi a cikin /tmp, sai ka kwafe shi zuwa foldarka kafin ka kashe kwamfutar, domin abin da ke /tmp yakan goge idan an sake kunnawa.